Ganuwar Garinsu Issoufou

Shekara biyu Issoufou yana tuƙa Muhandis Tadek, wani injiniya Baturen Poland, zuwa wajen gini a unguwar Ulaya, can ƙasar Larabawa, kuma duk sanda suka maƙale a cunkoso labarin ɗaya ne: ƙauyen su Tadek. Wani ƙauye mai suna kamar atishawa, mutum ɗari uku, kogi ta gabas, fadama ta kewaye sauran. Abin taƙamar dai wata tsohuwar ganuwa ce, wai shekararta dubu, sau biyu abokan gaba suna ƙone ta.

Ranar da Tadek ya nuna hotonta a waya, Issoufou ya kusa dukan bayan wata tasi don dariya. Tudu ne kawai da ciyawa ta rufe, ga saniya a kai tana kiwo. Har allo aka kafa masa, da benci.

"Wallahi, ya Muhandis," ya ce da guntun Larabcinsa, "jujin bayan gidanmu ya fi wannan tsayi."

Daga nan baki ya buɗe. Ya ba shi labarin ganuwar garinsu a ƙasar Damagaram, jar ƙasa zalla, tsayin mutum biyu, wadda kakan kakansa ya ɗauki lakarta a ka. Ba ƙarya ya yi ba, haka ya bar ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Bature bai ji haushi ba, murna ma ya yi. Ya ce a kawo hoto, zai rataya shi a ofis kusa da nasa.

Issoufou ya aika wa ƙanwarsa Delou saƙon murya, yana ta zumuɗin ganin Bature ya sha kunya. Yana kasuwar Aziziya da safe, ana loda masa kwalin tumatir, hoton ya shigo. Wani rami ne da awaki a ciki, bayansa kuma ga sabbin ɗakuna huɗu, waɗanda shi da kansa ya sa a gina masa. Nan take ya kira ta.

"Delou, ganuwa na ce ki ɗauko."

"Ai ita ce, Yaya. Ba kai ka ce sai da jar ƙasa mai kyau za a yi maka tubali ba? Ina ka san mai kyau take? Kowa nan yake ɗiba. Mu dai muka ƙarasa ta."

Ya sake duba hoton, mai tumatir yana masa "yalla, yalla", wai ya yi sauri. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya rasa wanda zai zaga.

Da Muhandis ya shiga mota, hannu ya miƙo. Issoufou ya ba shi wayar. Ya duba, ya ƙara girman hoton, ya sake dubawa.

"Ina ganuwar?"

"Ga ta nan," in ji Issoufou. "Na yi mata rufin kwano."

Da suka kusa Ulaya, Issoufou ya ce:

"Ya Muhandis, ƙara nuna min saniyar nan taku."