Takalman Fursunoni

Kanar ya mayar da ofishin hedimasta wajen zamansa, azuzuwa kuma ya cika su da fursunonin yaƙi. A hayin kogi, Birgediyan abokan gaba yana tsare da mutanen Kanar, ciki har da ƙanin Kanar ɗin, autan gidansu.

Kullum direban motar asibiti yakan ɗaura farin ƙyalle ya tsallaka gada da wasiƙa. Kanar da Birgediya makarantar soja ɗaya suka yi, saboda haka ba a zagi a wasiƙun. Sharaɗin dai guda ne: abin da ka yi wa nawa, shi zan yi wa naka.

Birgediya ya nemi shaidar cewa mutanensa na raye. Kanar ya sa Saje ya ɗauke su hoto, ya liƙe ambulan bai ko duba ba.

Da azahar direba ya dawo yana jan buhu.

"Ranka ya daɗe, yau abokin naka har da tsaraba."

Ya zazzage a kan siminti. Takalman soja ne, na rundunar Kanar, an ɗaure su ƙafa bibbiyu. Takardar da ta zo da su layi ɗaya ce: "Na ga hoton. Na gane."

Kanar ya sa aka kawo kwafin hoton. Fursunoni a jere jikin bango, ba takalmi.

"Saje, ina takalmansu?"

"Na raba wa yaranmu, ranka ya daɗe. Da silifa suke shiga daji. Su kuwa waɗannan suna zaune suna cin abincinmu. Ina za su da takalmi, gidan surukai?"

Ba wanda ya yi dariya. A makarantar sojan da Kanar da Birgediya suka yi, mutum ɗaya ake cire wa takalmi a tsayar jikin bango: wanda za a harbe.

Kanar ya ce, "A tuɓe takalman daga ƙafar kowa a mayar wa fursunonin. A sake hoton. Direba, tada mota!"

"Sun ja waya mai ƙaya a gadar, ranka ya daɗe. Ina fitowa suka rufe."

Sojoji na zaune a baranda suna kwance igiyar takalma suna gunaguni, sai ƙarar bindigogi ta taso daga hayi. Ba irin ta faɗa ba ce. A tare ta tashi, a tare ta tsaya. Can kuma aka ji harbi ɗai-ɗai, na ƙaramar bindiga.

Saje ya leƙo, takalmi a hannu.

"Ranka ya daɗe, a ci gaba da mayar musu?"

Kanar ya dubi tagogin azuzuwan. Fuskoki sun cika su.

"Bar su haka."