Shekarun Alhaji Kallamu

Malama Haulatu tana tsaka da raba lissafi a kan allo, tana cewa duk mai y ya tattara ya koma hagu, mai x ya koma dama, sai masinja ya leƙo ta taga.

"Malama, dem dey call you, ana kiranki. 'Yan kwamiti ne, har da Alhaji."

Makarantar ta 'yan Arewa mazauna unguwar Asata a Inugu ce, su suka haɗa hannu suka gina ta, kuma in aka ce Alhaji ba a ƙara suna ba, to Kallamu ake nufi, dillalin albasa a kasuwar Ogbete, shugaban kwamiti. 'Yarsa Rahinatu, da ke benci na biyu, ta sunkuyar da kai.

"Mun raba su," in ji Haulatu. "Ku ƙarasa kowane ɓangare kafin in dawo."

Ta san maganar. Yaran nan sun iya lissafi in an ba su shi tsirara, amma da zarar an naɗe shi cikin labari, a ce wani uba ya ninka ɗansa a shekaru, sai su zuba mata ido kamar ta yi Faransanci. Ga jarabawar fita ta matso. Shi ya sa makon jiya ta ce kowa ya je gida ya ƙirƙiro nasa labarin da mutanen gidansu. Rahinatu kuwa, 'yar fari ce, wadda ubanta bai taɓa kama sunanta ba saboda kunya, ta same shi a ƙofar gida cikin abokansa bayan la'asar ta ce, "Baba, shekarunka nawa?"

A ofis aka gaisa, aka tambayi gajiya da mutanen gida, sannan Alhaji ya gyara zama.

"Malama, lissafi muka ɗauko ki ki koyar, ba ki riƙa aiko mana da 'yan ƙidaya gida ba. A gidan Malam Hashim yaro ya jera ƙannensa yana ƙirgawa kamar awaki, uwarsa ta wuni tana tofa musu addu'a. Ana ƙirga 'ya'ya ne? Ni kuma waccan yarinyar ta tsaya a kaina cikin mutane." Ya haɗiye sauran. "Ranar Litinin ki tsaya gaban yara ki ce kin yi kuskure. In ba haka ba, mu nemi wani."

Hedimasta ya duƙufa kan tebur, sai ka ce yau ya fara ganinsa.

Ran Haulatu ya ɓaci, kuma ta ji tsoro, don ta san babu wani wanin. Malamin lissafi mai zama a makarantar unguwa ba a tsintarsa a hanya. In ta tafi, yaran za su shiga jarabawa da rabin karatu.

"Alhaji, ku iyayena ne," ta ce. "Abin da ya ɓata muku rai, ku yi haƙuri, kuma maganar ƙirga yara na bar ta daga yau. Amma in tsaya gabansu in ce tambaya laifi ce, wannan kam ba zan iya ba. Da ƙyar na samu suka fara buɗe baki."

"Wato kin ƙi?"

"Na ƙi, Alhaji."

"To ki ajiye allin."

Ashe allin yana hannunta tun ɗazu. Ta ajiye shi a gaban hedimasta, ta yi sallama, ta fita ba ta ko koma ajin ba, don kada hawaye ya ci amanarta a gaban yara.

Tana bakin ƙofar makaranta tana jiran keke Napep, sai ta ji ƙamshin turare a bayanta. Alhaji ne, shi kaɗai, yana kallon titi kamar shi ma abin hawa yake jira, alhali ga motarsa can a ƙarƙashin bishiya.

"Tsohuwata ta ce yarinyar nan ta je wurinta," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Wai tsohuwar ta gaya mata shekarar da muka zo Inugu na ninka ƙanena Badaru a shekaru. Shi a asibiti aka haife shi, yana da takarda. Ni a ƙauye aka haife ni. Abin da ke fasfo ɗina ma, wani ma'aikaci ne ya kalli gemuna ya yanka." Ya yi gyaran murya. "Da gaske ana iya ganowa da wannan kawai?"

"Ana iyawa. Ta ma gano, na duba, babu kuskure ko ɗaya. A duk ajin nata ya fi kyau."

Wani mai keke ya rage gudu, Haulatu ta ɗaga masa hannu.

"To, nawa ne?"

Ta dube shi sosai, wannan dattijo da ya kore ta ɗazu. Ta tausaya masa, amma tausayin bai kai ya buɗe mata baki ba.

"Aikinta ne, Alhaji, ba nawa ba. Ranar Litinin ya kamata ta yi shi a allo, da a ce akwai malamar lissafi. Amma ga ta can a aji, benci na biyu. Sai dai su goma sha ne 'yan matan, in ba a kira suna ba, ba su san da wa ake ba."

Ta shiga keken. Da suka kai kwana ta waiwaya. Alhaji bai nufi motarsa ba. Yana tsaye a bakin tagar ajin, ya tura hula ƙeya, bakinsa yana motsi, yaran duk sun juyo suna jiran su ji wa zai kira.