Alamar da Ba Ta Mayar Ba

Da hantsi Injiniya ta buɗe lissafin tankin ruwan asibiti za ta buga takardun miƙa aiki, sai idonta ya faɗa kan wani ɗan akwati a kusurwar manhajar. Babu alama a ciki.

Ita ta cire ta, wata bakwai ke nan. Kwamfutar ofishin nan hawainiya ta fi ta sauri, in alamar na ciki sai lissafi ya ci awa guda. Ta ce in ta gama gwaji za ta mayar. Ba ta mayar ba.

Aikin alamar ɗaya ne. In iska ta ɗan karkatar da dogon ginshiƙi, nauyin da ke kansa ya bar tsakiya, sai ya ƙara tura shi, karkata ta haifi karkata. In babu ita, manhaja ɗauka take ginshiƙi a miƙe yake har abada.

Yau ake cika tankin, wanda ke can sama kan dogayen ginshiƙan ƙarfe. A gindinsa kuma ɗakin wanki ne, inda yayarta da ta raine ta take aiki.

Wa zai jira awa guda a sake lissafi? Ta kira shugaban ma'aikata sau biyar, bai ɗauka ba. Ta tari mai babur zuwa asibitin, tana addu'a tana yi masa faɗa ya ƙara wuta.

"Ranki ya daɗe, ruwa ya wuce rabi," in ji shugaban ma'aikata, yana washe baki.

"Kashe injin."

"Ai likitoci tun jiya suke..."

"Don Allah kashe shi. A buɗe, ruwan ya zube."

Ta sa aka ɗaura ƙarfe a igiya, aka sako daga saman ginshiƙi. Maimakon ya sauka a gindi, sai ya tsaya yatsu huɗu a gefe.

"Masu walda ne, ko? Yau sai na kore su," in ji shugaban ma'aikata.

Kafin ta amsa Yaya ta leƙo, hannu duk kumfa, tana gaya wa abokan aikinta: "Ga ta nan, ƙanwar tawa. Ita ta zana shi tun daga ƙasa."

"Ba masu walda ba ne," in ji Injiniya, kowa na ji. "Ni ce. Yaya, bar kayan nan ki fito."