Wankin Gidan Sauro

Mai Wanki mutum ne da ba ya iya ganin ƙyalle da datti ya wuce. Shekara goma sha biyu yana wanki da guga a bakin famfon unguwa tare da abokan sana'arsa uku, kuma abin da yake yi wa kayan mutane shi yake yi wa na gidansa. Duk Asabar yakan kwashe zanin gado da labule da rigar matashi, ya jiƙa su da bilic, ruwan nan mai ƙarfi na faranta kaya, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya shanya a tsakiyar rana.

Ranar da masu rabon gidan sauro suka zo ƙofa-ƙofa, kafin damina, yana wurin aiki, matarsa kuma laulayi ya kwantar da ita. Maƙwabta ne suka karɓa musu, bayanin da aka yi bai iso ɗakin ba. Da ya yage ledar ya ji warin magani, sai ya ɓata fuska. 'Yarsa ɗaya ce, shekararta huɗu, yana kiranta Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Ya ce ba za a rufa mata abu mai wari ba. Tun daga ranar gidan sauron ya shiga cikin kayan Asabar.

Da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kama yarinyar wata ranar Lahadi. Suka ba ta maganin sauke zafin jiki, ya sauka, ya dawo. Ranar Talata da hantsi yana tsakiyar guga wayarsa ta yi ƙara.

"Ka zo," in ji matarsa. "Yarinyar nan tana jijjiga, idonta ya kakkafe. Ka zo!"

Ya ajiye dutsen guga a inda ya tsaya, ya kwasa da gudu.

A asibiti wata nas mai furfura ta karɓi yarinyar daga kafaɗarsa. Ta huda mata yatsa ta ɗiga jinin a kan abin gwaji, ta ja fatar idonta ƙasa ta duba. Ciki fari fat, kamar takarda. Aka yi mata allura nan take, aka kira likita.

"Zazzaɓin cizon sauro ne, mai tsanani," in ji nas ɗin. "Ya cinye mata jini. Sai an ƙara mata yau, ba gobe ba. Irin nata kuma babu shi a firijinmu."

"Ga ni," ya ce, yana naɗe hannun riga. "Ku ɗiba duka."

Aka gwada shi. Shi ma ciwon yana jikinsa, jininsa kuma bai kai a ɗiba ba. Ya ce ai shi ya saba, da zazzaɓin yake aiki. Nas ta girgiza kai. Matarsa ta miƙo nata hannun, nas ta dubi cikinta na wata bakwai, ta mayar mata da hannun a hankali.

"Tana kwana cikin gidan sauro kuwa?"

"Kullum, Sista," in ji Mai Wanki. "Mai tsabta ma. Duk sati nake wanke shi da bilic saboda warin nan, in shanya a rana."

Nas ta daina rubutu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, warin nan da ka ji shi ne aikin. Magani ne aka sa a cikin zaren tun daga masana'anta, sauro ya sauka a kai ya mutu. Ana wanke shi jefi-jefi, da sabulu kawai, a shanya a inuwa. Bilic da rana sun cinye maganin, sun cinye zaren, sauro yana ratsawa."

Ya dubi tafin hannunsa da ruwa ya jeme.

"Ba lokacin da-na-sani ba ne," ta ce. "Ka samo min maza masu lafiya. Kada ka wuce awa ɗaya."

Da ya iso bakin famfo, abokan nasa suna ta cuɗa: Dogo, da Tsoho, da wani gajere mai faɗin ƙirji da ake ce wa Kumfa.

"Ga sarkin tsabta nan!" in ji Dogo. "Ka bar dutse a kan rigar mutane, yanzu tana da taga a baya. Mai ita iska zai sha."

Ba wanda ya yi dariya, don sun ga fuskarsa.

"Jini," ya ce. "Uwata ce. Don Allah, ku taso."

Suka bar kaya a jiƙe cikin baho, suka tari babur biyu da wandunansu sharkaf. A ɗakin gwaji aka ce Tsoho ya wuce shekarun bayarwa, ya yi ta musu cewa ya fi su duka ƙarfi. Na Dogo bai dace ba. Na Kumfa ne ya dace.

Kumfa ya ja baya har ya jingina da bango.

"Ni fa ban taɓa yin allura ba tun da na yi wayo. Kuma an ce wanda aka ɗibi jininsa ba ya sake ƙarfi. Da me zan matse bargo? 'Ya'yana biyar."

"Ƙarya ce aka gaya maka," in ji mai gwajin. "Ka ci abinci, ka sha ruwa, jiki zai mayar da abinsa."

"To in bai mayar ba fa?"

Mai Wanki ya durƙusa a kan simintin, ya kama ƙafar wandon Kumfa da hannu biyu.

"Ni na jawo mata, Kumfa. Da hannuna. Ba ni da wani wurin zuwa daga nan."

"Kai, tashi mana, mutane suna kallo!" Kumfa ya share goshi. "Dogo, zo ka riƙe min hannu. In ka gaya wa wani, ni da kai ne."

Ya kwanta ya runtse ido, bai buɗe ba har ledar jinin ta cika.

Wajen ƙarfe biyu aka rataya jinin a gefen gadonta. Uwar ta zauna a gefe ɗaya, uban a ɗaya, suna bin kowane ɗigo da ido. Yarinyar ba ta motsi, sai ƙirjinta da yake hawa da sauka da sauri. Ƙarfe uku ta sake jijjiga, aka danne ta aka yi mata wata allurar, uwar ta cusa mayafi a baki don kada ihu ya fita. Likita ya ce abin da ake iya yi an yi, saura jira.

Jinin ya kusa ƙarewa lokacin da nas ta zo sauya ruwan da ake ƙara wa yarinyar. Ta danna mata farce da ƙarfi, yadda take yi tun safe ba amsa. Wannan karon yarinyar ta janye hannu. Fuskarta ta yamutse, ta saki wani siririn kuka mai kama da na jariri.

Mai Wanki ya zabura zai rarrashe ta.

"Bar ta ta yi, Malam," in ji nas. "Shi nake jira."