Albasar Bahago

Bahago ya dangwarar da gwangwanin a kan teburin ɗakinsa na otel. Albasa ce guda a ciki, a ƙanjame cikin ƙasa mai tsagewa. Da ita mutanen Tabelot suka aiko shi taron ƙarancin ruwa a Agadas, manya su gani da ido, a haƙa musu foraj, rijiyar burtsatse. Rijiyoyin garakensu sun ƙafe.

An ce masa minti biyar gare shi. Ranar farko hutun shan kafe, wato gahawa, ya cinye su. Rana ta biyu Mushe Issouf, shugaban furojen, shirin samar da ruwa da ya kira taron, ya shiga ɗakin tausa, bayansa ya gaji da zama. Bahago ya ci nama sau uku a yini, ya kalli ƙarti suna iyo cikin ruwan da zai shayar da garka goma.

Safiya ta uku ya tarar albasar ta fid da kore shar. Ya tare Souwaiba mai gyaran ɗaki a ƙofa.

"Ke 'yar nan, wa ya taɓa mini shaida?"

"Wace shaida, Baba? Tausayi ta ba ni. Kofi ɗaya nake zuba mata kullum."

"Wa ya aike ki?"

"To ka tsinke ganyen mana. Wa zai sani?"

Ya kai yatsa ya janye. Shekara hamsin yana noma, bai taɓa kashe abin da ya tsiro ba.

A zauren taro ya ɗaga gwangwanin.

"A mace na kawo ta. Kofi ɗaya aka ba ta a yini, ta tashi. Ruwa muke so."

Ya zauna. Tafinta ya juya maganar cikin Faransanci, ta yi tsawo ninki biyar. Zaure ya ɗauki tafi. Mushe Issouf ya miƙe yana ƙamshin man tausa.

"Formidable, Baba! Kun ji ko? Kofi ɗaya! Tabelot ba foraj take bukata ba, ita za ta koya wa sauran garuruwa tattali."

Aka ɗauki hoton albasar, aka tashi cin abinci.

Da Bahago ya saɓa jakarsa, ya miƙa wa Souwaiba gwangwanin.

"Ungo. Bar ta nan."

"Ba za ka koma da ita gida ba, Baba?"

"Ta saba da otel."