Ƙanƙara a Cikin Safa

Ruwa ya fara ɗiga daga gindin kular tun motar ba ta kai rabin hanya ba. Malama ta gyara mata zama a kan cinya, sanyi na ratsa zanenta. Matar da ke kusa da ita ta janye ƙafa.

"Baiwar Allah, kayan sayarwarki na zuba."

"Ba na sayarwa ba ne, na makaranta ne."

Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta kau da kai.

Firjin Malama ya daɗe da mutuwa, a gidan maƙwabciya ta daskarar da ƙanƙarar. Kafin ta je karɓowa sai da ta yi wa mahaifiyarta wanka, ta ba ta magani, ta canza zanen gado, don tsohuwar ba ta iya tashi tun da ɓarin jikinta ya shanye. Yanzu ga cunkoso, ga bayanta na ciwo kamar an yi mata duka.

Ta isa makaranta an riga an buga ƙararrawa. Hedimasta na tsaye bakin ofis. Ya dubi kular, ya dubi jiƙaƙƙen zanenta.

"Malama, jarrabawa ta matso. Iyaye maki suke tambaya, ba wasan ruwa ba. Yau zan zauna in gani da idona. In ban ga amfaninsa ba, darasin nan ya koma bita."

"To, ranka ya daɗe."

Ba ta da ƙarfin gardama. A ranta ma cewa ta yi, in ya soke, ai ya rage mata kaya.

A aji huɗu ta buɗe kular, ta tarar da ƙanƙarar na iyo a ruwa. Ta tsamo waɗanda suka yi saura, ta raba yaran rukuni-rukuni. Wasu suka bar tasu tsirara a faranti, wasu suka naɗe a jarida, wasu suka barbaɗa wa tasu gishiri, na ƙarshe suka cusa tasu cikin wata safar ulu mai kauri.

"Kafin kowa ya sake taɓawa, ku faɗa mini, wacce za ta riga narkewa?"

"Ta safa!" Ajin ya amsa da murya ɗaya.

"Saboda me?"

Dogo, wanda ya fi kowa tsawo da surutu, ya miƙe. "Safa zafi gare ta, Malama. Ta babana har tururi take in ya cire."

Aka kwashe da dariya. Malama ta rubuta a allo: Ta safa za ta riga narkewa.

"Wannan zatonku ne. Ba mu sani ba tukuna, sai mun gwada. Yanzu a zuba ido."

Jiran ne ya fi komai wuya. Yara na mintsinin juna, Hedimasta a kujerar baya yana duba agogo. Malama ta zauna don ta hutar da ƙafafunta, ta tallafi haɓa. Ba ta san lokacin da idonta ya rufe ba. Ihun yaran ne ya farkar da ita, ta miƙe a firgice, kunya ta rufe ta.

Ta gishiri ta zama ruwa. Ta faranti saura kamar maɓallin riga, ta jarida ta ɗan fi ta. Dogo ya zazzage safar, ƙanƙara ta faɗo kan tebur ƙwal, kusan yadda aka sa ta.



Wata 'yar siririya da ake kira Me-ya-sa, don tambayarta ba ta ƙarewa, ta ɗaga hannu.

"Malama, ke nan safa ba ta da zafi?"

"Ke me kika gani?"

"To in na sa ta, wa ke ɗumama mini ƙafa?" Yarinyar ta kalli takalminta. Can ta ɗago a hankali. "Ko ƙafata ce ke ɗumama safar?"

Malama ta bar yaran suka kaure da musu. Hedimasta ya taso, ya ɗauki safar ya jujjuya, ya ajiye.

"Ki ci gaba," ya ce da Malama ƙasa-ƙasa. "Amma a goge ƙasan nan kafin wani ya karye." Ya fita.

Ta rasa ko murna za ta yi. Ta fara tattara faranti ke nan, Me-ya-sa ta sake ɗaga hannu.

"Malama, ni fa ban yarda ba. Ta safa ta fi sauran girma tun farko. Na gani."

Gaskiya ce. Wadda hannun Malama ya kai gare ta kawai ta riƙa tsamowa, ba ta auna ba.

"A sake! A sake!" Yaran suka hau buga tebur.

Malama ta dafa ƙugu, ta sauke dogon numfashi.

"Gaskiyarki ce," ta ce, muryarta a dushe. "Gobe za a sake, ku ne za ku auna da kanku."

Ta ɗaga tsumma za ta goge allo, sai ta tsaya. Ta bar zaton nasu a rubuce, ta durƙusa ta fara goge ruwan ƙasa.