Kanti Mai Koriyar Ƙofa

Shekara talatin da huɗu Baba Direba ya yi yana jan babbar mota, kuma bai taɓa ɓatan hanya ba. Wannan magana ya faɗa wa 'ya'yansa, ya faɗa wa jikokinsa, ya faɗa har wa jami'in filin jirgin da ya duba fasfonsa, wanda bai tambaye shi ba, bai kuma ji abin da ya ce ba. Shi ya sa da babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta ɗauko shi zuwa birnin da take aiki a ƙasar waje don likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, ya ɗauki abin a matsayin raini.

A ganinsa laifin bai taka kara ya karya ba. Sau biyu ya bar gas a kunne. Sau ɗaya aka tsinci makullin motarsa a cikin firji. Amma Uwata ta riga ta yanke hukunci: in likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba zai koma gida ya zauna shi kaɗai ba, zai tare a wurinta, a ɗakin nan da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Ganin likitan kuwa gobe ne.

Da safe tana ɗaura agogo za ta tafi aiki, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, don Allah kada ka fita. Ga waya nan, ga katin da na rubuta adireshi a kai. In zaman ya ishe ka, ka kunna talabijin."

"To, Uwata. Allah ya tsare hanya."

Ya ba ta minti goma ta yi nisa. Sannan ya sa hula, ya ajiye wayar da katin a tsakiyar tebur inda za ta gan su, ya ja ƙofa. Dabararsa ke nan: ya zaga gari shi kaɗai, ya dawo da ƙafarsa, da yamma ya jero mata abin da ya gani ɗaya bayan ɗaya. In ya so gobe ta je ta gaya wa likitan.

Shi bai yarda da lambar gida ba, kwatance ya sani. Da ya fito sai ya juya ya ƙare wa layin kallo. A kan kwana akwai kanti mai koriyar ƙofa, da hoton kwando a samanta. In ka zo kantin ka karya dama, ƙofa ta uku ita ce tasu. Ya maimaita sau uku a ransa, ya kama hanya yana taku ɗai-ɗai kamar wanda aka haifa a unguwar.

Garin kam ya ga gari. Ya haye wata gada da ta fi duk wadda ya taɓa hawa da mota tsawo, ya leƙa ruwan yana mamakin yadda babu ko mutum ɗaya mai wanki a bakinsa. Ya shiga wani gidan tarihi na tsofaffin motoci, ya tarar da irin motar da ya fara koyon tuƙi da ita an goge ta an kewaye da igiya. Ya miƙa hannu zai shafa sitiyarin, wani mai gadi ya yi gyaran murya, ya janye. Ya hau wata doguwar hasumiya tare da baƙi masu ɗaukar hoto, ya tsaya a sama, ya ga rufin gidaje iya ganinsa, duk kala ɗaya. A nan ne gabansa ya fara faɗuwa kaɗan, amma ya ce wa kansa tsayin wurin ne.

Wajen azahar ƙafafunsa suka ce sun gaji. Takalmin da Uwata ta saya masa ya soma cin diddigensa. Ya juyo, ya sake haye gadar, ya yi ta tafiya har ya hango koriyar ƙofa da hoton kwando. Ya yi murmushi, ya karya dama, ya ƙirga ƙofa uku.

Ƙofa ta uku shagon aski ce.

Ya koma bakin kantin ya sake ƙirgawa da yatsa. Shagon askin bai gusa ba. Ya ce wataƙila hagu ne, ya gwada hagu, ya tarar da wurin wankin kaya, injuna na ta juyi babu kowa a ciki. Nan zufa ta keto masa duk da sanyin garin. Dama ya ce da safe ko hagu? Ƙofa ta uku ko ta biyar? Abin da ya maimaita sau uku da bakinsa, yanzu yana taɓa shi yana zamewa kamar sabulu a cikin ruwa.

Tsoro ya kama shi sosai, kuma ba tsoron garin ba ne. Garin bai yi masa kome ba, mutane na wucewa da jakunkunansu, ba wanda ya ko dube shi. Tsoron kansa yake ji. In dai ya tsaya a gaban kantin da ya shaida da idonsa amma gidan ya ɓace masa, to Uwata ta yi gaskiya, kuma gidansa na can, da kujerarsa ta ƙofar gida, da abokan hirarsa na yamma, sai dai ya riƙa jin labarinsu a waya.

Ya ci gaba da tafiya don tsayuwar ta fi ba shi tsoro. Ya bi wani layi, ya ɓulla wani, ya tsallake titin da jiragen ƙasa ƙanana ke bi ta tsakiyarsa, ɗaya ya kaɗa masa ƙararrawa har hularsa ta kusa faɗuwa. Bayan kamar rabin awa ya ɗaga kai, sai ga koriyar ƙofa da kwando a gabansa. Ya tabbata bai juyo ba. Amma ga shi ya dawo inda ya baro, kuma yanzu babu shagon aski, wani banki ne a wurin. Ya dafa ƙarfen fitilar titi ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya taɓa ganin wani tsohon abokin aikinsa da ciwon nan ya kama, yana zagaya tasha ɗaya tun safe yana tambayar ina tasha take. A lokacin har dariya suka yi masa.

Ya so ya tare wani ya yi tambaya, to ya ce masa me? Ina gidan Uwata? Ya lalubi aljihu ko katin ya biyo shi bisa kuskure. Babu kome sai hankici.

La'asar ta yi yana jan ƙafa, diddigen ya fashe, maƙogwaro ya bushe. Ya iso wata babbar mahaɗa ya tsaya jiran fitila. Ya dubi damansa, ga kantin. Ya dubi hagunsa, can ƙarshen titi, ga kantin kuma. Ya murza ido ya sake dubawa. Biyu ne, kowanne da koriyar ƙofarsa da kwandonsa, mutane na shiga wannan suna fita daga wancan.

Sai dariya ta ƙwace masa, har wata mata mai tura keken jariri ta matsa gefe. Ashe kantin ba ɗaya ba ne. Mai shi ne ya bi gari kwana-kwana yana dasa iri ɗaya, ko kunyar maimaita fenti bai ji ba. Wane irin mutum ne zai yi wa kwatance wannan ɓarna? Baba Direba ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa. Kansa lafiya lau. Garin ne ba shi da tsari, kuma haka zai faɗa wa likitan gobe, ido cikin ido.

Da wannan ƙarfin ya shiga kantin da ya fi kusa. Wata ma'aikaciya mai furfura tana jera gwangwanaye, ta ga yadda yake ɗingishi, ta jawo masa kujera ta kawo ruwa. Da ɗan guntun Turancinsa na tasha, da nata wanda bai fi nasa ba, da hannaye, ya fahimtar da ita cewa 'yarsa na aiki a ɗakin magani na babban asibiti, wanda jirgi mai saukar ungulu ke sauka a rufinsa. Matar ta gane wurin nan take. Ta buga waya, ta yi magana da harshensu, sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta tambaye shi sunan 'yar.

"Uwata," in ji shi.

Ta maimaita a wayar, ta saurara, ta girgiza kai. Babu mai wannan suna. Ta nuna masa takarda da biro: sunan gaskiya, na takarda.

Ya karɓi biron. Ya san sunan, ai shi ya raɗa mata shi. Sunan mahaifiyarsa ne. Ya ga fuskar tsohuwar sarai, har da tabon ƙunar da ke bayan hannunta, ya ji muryarta tana kiransa ya shigo rana ta faɗi. Sunan ne dai babu. Ya ɗora biron a kan takardar ya jira, bai zo ba. Wannan karon babu mai kanti da zai ɗora wa laifi.

Matar ta dube shi, ta zare biron daga hannunsa a hankali, ta koma wayar tana kwatanta shi: dogon tsoho, mai hula, baƙo.

Ba a yi awa ɗaya ba Uwata ta shigo da farar rigar aikinta, idanunta sun yi ja. Ta durƙusa a gabansa tana cire masa takalmin.

"Baba, me na yi maka? Ka san inda hankalina ya je da aka kira ni? Dubi ƙafarka. Na ce kada ka fita, na bar maka waya, na bar maka kati."

Idonsa na kan ɗan katin da ke maƙale a ƙirjin rigarta, mai hotonta da sunanta. Ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa na motsi.

"Baba, magana nake yi. Me kake kallo?"

"Ba kome, Uwata," in ji shi. "Goben nan, ƙarfe nawa likitan ya ce mu je?"